Yakaka Mai Banda da Goron da Aka Ƙi Karɓa

Duk wanda ya yi wayo a Guri kafin tafiyar Turawa ya san Yakaka mai banda. Wanda bai san fuskarta ba ya san hayaƙin gidanta, domin gidan yana can ƙarshen gari ta wajen fadama, inda ruwan kogi kan zo da damina ya tsaya a gindin danga. Kakanninta daga gabas suka taso, daga bakin Tafkin Cadi, kuma da sana'ar kifi suka zo. Ita ba ta shiga ruwa, wannan aikin maza ne masu hawa gora a kan ruwa su kama kifi. Nata aikin yana farawa ne daga inda nasu ya ƙare. Takan tari masunta a bakin ruwa ta zaɓi tarwaɗa da bargi, ta feɗe, ta yanka, ta jera a kan wuta, ta zauna tana juyawa har kifi ya yi baƙi ya ƙandare, yadda zai yi doguwar tafiya bai lalace ba. Gajeriyar mace ce mai ƙaramar murya, idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi. Baƙo kan zaci kuka ta yi, alhali ba a cika ganin hawayenta ba.

Fataucin banda yana da ƙa'idar da ba a wasa da ita. Ba a ɗora kwando a jirgin ƙasa a tashar Malam Madori sai an san fatoman da zai sauke shi a can. Fatoma shi ne mai masauki. Shi ke karɓar baƙo ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, kuma idan kaya ya salwanta ko baƙo ya kwanta ciwo, shi ake tambaya. Ba a ƙulla wannan da baki kawai. Goro ake kai masa, ya karɓa a gaban mutane, ya ce, "Na karɓa." Daga ranar, akwai sunan da za a kira idan wani abu ya faru. A cikin wannan ƙa'ida aka haifi Yakaka, kuma sau ɗaya tak ta sake ta, ba ma a kan kifi ba.

Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa guda, Bunu. Yaron ya yi elementare a Haɗeja, kansa ya ɗauki karatu, aka zaɓe shi zuwa makarantar gaba a birni. Masinjan da ya zo ɗaukarsa ya ce ɗakunan kwanan makarantar sun cika, amma kada ta damu, za a nema masa wuri. Yakaka ta ga maganar hukuma ce, ta ji nauyin ta tsaya tambayoyi. Wurin da aka nema masa wani zaure ne marar taga a bayan makaranta, inda aka cusa yara suna kwana kafaɗa da kafaɗa. Da bazara ta tsananta sanƙarau ya shigo gari, ya shiga zauren. Kafin labari ya iso Guri an riga an binne Bunu.

Ta tafi birnin da ƙafarta. Shugaban makaranta ya yi mata ta'aziyya, ya ce yaron ba a cikin makaranta yake kwana ba. Mai zauren ya ce shi aron zaure ya bayar, ba wanda ya ba shi yaro. Masinja ya ce shi kaiwa aka ce ya yi, kuma ya kai. Ta dawo gida da tabarmar yaron a naɗe a kanta. Mutuwa ta Allah ce, wannan Yakaka ba ta taɓa musu ba. Abin da ya zauna mata a rai shi ne a cikin manyan mutane masu gemu da rawani, ba a samu ko ɗaya da zai ce ɗanta a hannunsa yake ba.

Bayan 'yan shekaru ƙanenta Kolo ya rasu ya bar yaro ƙarami, Shu'ibu, ta ɗauke shi riƙo. Da aka zo rubuta shi makaranta, maƙwabta suka zaci za ta ɓoye shi a rumbu, kamar yadda iyaye da yawa ke yi a lokacin. Ba ta ɓoye shi ba. Ta ce ba karatu ne ya kashe Bunu ba, rashin mai shi ne. Saboda haka duk inda Shu'ibu zai tafi, sai goron Yakaka ya riga shi isa. A Haɗeja wani liman ya karɓa. A Kano wani dillalin kifi ya karɓa. A Zariya, inda ya yi sakandare, ko da yake a cikin makaranta yake kwana, sai da ta samo wani tela ɗan Guri ya ce ya karɓa, sa'an nan ta bar shi ya hau jirgi. Shu'ibu ya girma yana jin kunyar wannan abu, amma bai taɓa kwana a garin da babu mai tambayar lafiyarsa ba.

'Yan shekaru kafin mulkin kai, a tsakiyar damina, labari ya zo cewa Shu'ibu ya sami gurbi a wata babbar kwaleji a Kudu, bayan an ƙetare Kwara. Ba a taɓa jin ɗan fadamar nan ya kai can ba. Abin da ya rage kawai shi ne ya sa hannu cewa ya amsa, mai riƙonsa kuma ta dangwala yatsa, kafin wa'adi ya cika a ba wani gurbin. Ruwa ya riga ya rufe hanya, saboda haka a kwalekwale suka ratsa cikin bado da shinkafa har inda ƙasa ta bushe, suka ƙarasa Haɗeja.

Akawun da ke riƙe da sha'anin ɗalibai a lokacin sunansa Malam Ja'afaru, matashi mai farar riga da alƙalami a bayan kunne. Tun Yakaka na bakin ƙofa ya zaro hankici ya kare hanci. Ta durƙusa ta gaishe shi, Shu'ibu ya tsaya a bayanta ya sunkuyar da kai.

"Iya, miƙo babban yatsanki," in ji Malam Ja'afaru. "Ga mutane na jira."

"Yatsa na nan, Malam, ba inda za shi. Wa zai sauke shi?"

"Sauke wa?"

"Yaron. In ya sauka daga jirgi, gidan wa zai nufa?"

"Ba gidan kowa ba ne, Iya. Kwaleji ce, tana da ɗakunanta."

"Madalla. Wanne ne nasa? Su nawa ne a ciki? Akwai taga?"

Masinjojin da ke zaune a kan benci suka bushe da dariya. Ɗaya ya ce, "Tambaye shi har launin bargo, Iya, kada a cuce ki."

Malam Ja'afaru ya ce, "Kin ga, wannan ba kwandon banda ba ne da za ki tsaya ciniki."

"Na sani, Malam. Kwandon banda ma ba na sakinsa haka."

"To, ki saurara. Sai ya amsa tukuna, sa'an nan a yi maganar ɗaki. Haka tsarin yake."

"In ya amsa aka ce ɗaki ya ƙare fa?"

Akawu ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sai a nema masa wuri."

Yakaka ta janye hannunta ta cusa cikin mayafi, ta miƙe tsaye. Ta ce da wannan maganar aka raba ta da ɗa, kuma ba za a raba ta da na biyu da ita ba. Sai ta ga ɗaki da idonta, ta ga mai ɗaki, kafin yatsanta ya taɓa tawada.

A nan ne ya kamata mai karatu ya san abin da Malam Ja'afaru ya sani, wanda Yakaka da Shu'ibu ba su sani ba. A shekarar nan ɗakunan kwalejin ba su kai yawan ɗalibai ba, kuma bi da bi ake rabawa: wanda amsarsa ta riga isa shi ke samun ɗaki, wanda ya makara ya nemi nasa a cikin gari. Baturen ilmi ya gaya wa akawun wannan baki da baki. Ashe abin da Yakaka ke nema yana cikin abin da take ƙi. Jimla ɗaya ta isa ta warware mata: "Iya, in kina son ɗaki mai taga, dangwala yau." Da ta dangwala, domin ba mahaukaciya ba ce, mace ce da ta san ma'anar riga wani zuwa bakin ruwa. Amma Malam Ja'afaru ya ga bai dace da darajarsa ya zauna yana fassara tsarin Bature ga mai ƙamshin hayaƙi ba. Ba ƙiyayya yake yi mata ba, bai ma ɗauke ta a bakin wadda za a ƙi ba. Ya mayar da takarda cikin aljihun tebur ya ce, "Je ki yi tunani. Akwai lokaci har ƙarshen watan gobe." Gaskiya ya faɗa game da gurbi. Game da ɗaki kuwa, kowace safiya lokacin yana ƙarewa, kuma ya sani.

Suka koma Guri, gari ya ɗauka. Dagaci ya aiko a gaya mata kada ta ja wa garin abin kunya. Liman ya zo da kansa ya yi mata nasiha a kan tawakkali, ta saurara har ya gama, ta ba shi ƙullin banda, ta raka shi ƙofa. Mata a bakin ruwa suka riƙa cewa baƙin ciki take yi, don ɗan wani zai kai inda nata bai kai ba. Wannan maganar ta iso kunnenta, ranar kuwa kifin da ke kan wuta ya ƙone, abin da ba a taɓa gani a gidanta ba.

Shu'ibu ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Wata safiya tana fifita wuta ya tsaya a kanta ya ce, "Gwaggo, ni fa ba Bunu ba ne."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na sani. Bunu ba ya tsayawa a kaina yana magana."

Ya durƙusa. "Ki yi haƙuri. Amma na girma. Ga gemu ya fara fito mini. In babu ɗaki ni zan nemi wuri da kaina."

"A garin da ba ka jin yarensu? Ka kwanta zazzaɓi, wa zai buga ƙofa? Gemun?"

"To haka za mu zauna har a ba wani?"

"Wa ya ce zama za mu yi? Tafiya za mu yi, ni da kai. In ga ɗakin, in ga mai shi, in dangwala musu a can."

Da a ranar suka tashi, wataƙila da sun tarar da wani abu. Amma Yakaka tana da fatoma a garin da kwalejin take, wani mutumin Jahun mai suna Gwadabe, wanda ya daɗe yana sauke mata kaya ba su taɓa ganin juna ba, kuma a wurinta rashin mutunci ne a faɗo wa fatoma gida ba sanarwa. Shu'ibu ya ce a buga masa waya daga Haɗeja. Ta ce ba a gaida babban mutum da igiyar ƙarfe. Ta ba wani falke saƙon baki, ta zauna jiran amsa, tana kuma haɗa kayan da za ta tafi da shi, domin mai banda ba ta shiga jirgi hannu sake. Kafin falke ya je ya dawo da "a zo lafiya", wata ya kusa ƙarewa.

Suka hau jirgi a Malam Madori, suka sake wani a Kano. Yakaka ta zauna a kan ƙullin kayanta, da ƙunshin goro a cinya, tana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Da jirgi ya hau gadar Kwara ta leƙa ta daɗe tana kallo, ta ce ruwa mai yawa haka amma ba ta ga mai gora ko ɗaya ba.

Fatoma Gwadabe ya tare su a tasha, ƙaton mutum mai yawan dariya. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ashe ke ce Yakaka! Yadda fatake ke tsoronki, na zaci sai na ɗaga kai zan gan ki."

Ta ce, "Ni ma yadda kwandunana ke ƙarewa da wuri, na zaci mutum goma ne. Yanzu na ga inda suke shiga."

Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya sa aka ɗauki kaya zuwa gidansa a zangon Hausawa.

Washegari da hantsi suka nufi kwalejin, tafiya mai nisa a bayan gari. Yakaka ta sa mayafinta na Salla, ta ɗauki goro da ƙullin bandar da ta fi kowacce kyau. Wani ma'aikaci ya yarda ya nuna musu ɗaya daga cikin ɗakunan sababbin ɗalibai. Gado ɗaya ne, da tebur, da kujera, da taga mai faɗi da ke kallon itatuwa. Yakaka ta taka a hankali ta zura kai ta tagar. Iska ta buge ta. Ta daɗe a haka, sa'an nan ta juyo ta tambayi Shu'ibu ko da gaske mutum ɗaya ke kwana a nan. Ya ce mutum ɗaya. Ta shafa bangon da tafin hannu ta ce, "Wannan ɗaki ya yi. Kai ni wurin mai shi."

Mai kula da ɗakunan wani Bature ne mai furfura, kuma, a faɗi gaskiya, bai wulaƙanta ta ba. Ya ba ta kujera, ta ƙi, ta durƙusa ta kwance goro ta tura gabansa tare da bandar. Baturen ya dubi kayan, fuskarsa ta yi ja, ya tura su baya da ɗan yatsa.

Shu'ibu, wanda ke yi musu tafinta, ya ce, "Gwaggo, ya ce ba a karɓar kyauta a nan."

"Gaya masa ba kyauta ba ce. Amana ce. Ya karɓa ya ce ya karɓa, in san a hannunsa kake."

Shu'ibu ya juya maganar da Turanci gwargwadon iyawarsa. Baturen ya yi murmushi ya ce kwaleji tana kula da kowa daidai, babu ɗalibin da ke hannun mutum guda. Sa'an nan ya tambayi sunan yaron, ya duba, ya girgiza kai, ya yi doguwar magana. Shu'ibu ya tsaya kamar an dasa shi.

"Me ya ce?" in ji Yakaka. "Fuskarka ta riga ta faɗa, saura bakinka."

"Ya ce ɗakuna sun ƙare. Wanda ya riga amsawa ake ba. Na ƙarshe a makon jiya aka bayar. Ya ce da mun amsa tun ranar da aka kira mu, da ina cikin na farko. Ya ce an sanar da duk akawuna tun farkon damina."

"Gurbin fa?"

"Gurbi yana nan. Waɗanda ba su sami ɗaki ba kuma, ya ce za a..." Ya kasa ƙarasawa.

Yakaka ta ƙarasa masa. "Za a nema musu wuri."

Ta ɗaure goronta, ta ɗauki bandarta, ta yi wa Baturen sallama kamar yadda ya kamata, suka fito. Ba su kai bakin ƙofar makarantar ba Shu'ibu ya fashe. Ya ce ga ɗakin da ta ce ya yi, ita da hannunta ta ba wani. Ya ce duk yaran duniya suna tafiya karatu ba tare da an bi su da goro ba. Ya faɗi maganganun da daga baya ya daɗe yana neman gafara a kansu. Yakaka ba ta kare kanta ba. Da ya gama ta tambaye shi abu ɗaya.

"Malam Ja'afaru ya san da wannan ranar da na durƙusa a gabansa?"

"Ya sani."

Ta gyara ƙunshin goronta, suka kama hanyar zango.

Yanzu abu biyu ne a gabanta, kuma kwanakin wa'adi sun kusa cika. Ko ta dangwala ta bar Shu'ibu ga "za a nema", ko ta koma da shi Guri ya zama mai juya kifi da Turanci a bakinsa, ya kuma ƙi ta har abada. Bayan La'asar, lokacin da fatake suka cika ƙofar gidan Gwadabe, ta fito ta durƙusa ta kwance goron nan da Bature ya tura baya, ta ajiye a kan buzunsa.

Gwadabe ya daina dariya. Ya ce, "Yakaka, ni kifi nake saukewa da fatake. Ban taɓa sauke ɗan boko ba. Me zan ba shi? Ɗakunana a cike suke. Wanda ya rage shi ne inda nake tara banda."

"Nuna mini."

Ɗaki ne mai duhu a ƙuryar gida, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo, babu ko kafar da yatsa zai shiga. Yakaka ta tsaya a tsakiyarsa, ta gane shi, domin ta taɓa tsayawa a irinsa ranar da ta je ɗauko tabarmar Bunu. Ta fito ta ce ɗakin zai yi, in an fasa taga a gabas, wata a yamma.

"Katangar tawa za ki fasa?" in ji Gwadabe. "Jama'a, ku ji mini baƙuwa!"

"Fatoma, kifin da ya mutu ma kana fito da shi ya sha iska. Wannan mai rai ne."

Wani falke ya ce, "Fasa mata, Maigida. In ka ƙi, da kanta za ta fasa."

Gwadabe ya dubi Shu'ibu, wanda ke tsaye can gefe kamar zai nutse don kunya, ya dubi 'yar tsohuwar da ta ƙetare Kwara da goro a cinya. Ya aika a kira magini. Sa'an nan ya koma kan buzu, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya kama hannun Shu'ibu daga hannun Yakaka a gaban kowa, ya ce, "Na karɓa. In ya yi ciwo ni ne. In ya ɓata ni ne." Aka shafa Fatiha, aka raba goro.

Yakaka da kanta ta kwashe kwanduna, ta kankare bango, ta wanke daɓe da toka, ta shafe ɗakin da farar ƙasa. Da iska ta shigo ta gabas ta fita ta yamma, sai ta koma kwalejin ta miƙa babban yatsanta.

Kada a ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Ƙamshin banda bai bar ɗakin ba. Ya shiga littattafan Shu'ibu da tufafinsa, har abokan karatunsa suka laƙaba masa sunan da ya ƙi faɗa wa kowa ko bayan ya tsufa. Kullum sai ya taka doguwar hanyar nan, cikin ruwan Kudu da ba ya jin magana, yayin da 'yan'uwansa ke tashi daga gado su shiga aji. Ya sha wahala a shekarar farko, ya kusa faɗuwa jarrabawa, kuma wasiƙunsa zuwa Guri ba su wuce gaisuwa ba. Duk wannan kuwa saboda jimla ɗaya da wani ya ga bakinsa ya fi ƙarfin furtawa.

A hanyarta ta komawa Yakaka ta biya ta Haɗeja. Wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Malam, ka san ɗaki na wanda ya riga amsawa ne?"

Malam Ja'afaru ya gyara alƙalaminsa ya ce, "Ai ba ki tambaye ni wannan ba, Iya."

"Na tambaye ka ɗaki. Na tambaye ka taga. Na tambaye ka mai gida. Na tambaye ka in ɗaki ya ƙare. Wace tambaya ce ta rage da ban yi ba?"

Masinjojin kan benci ba su yi dariya ba. Akawu ya dubi agogo ya ce lokacin salla ya yi, ya fice. Ba wanda ya tuhume shi. Ba da daɗewa ba aka ƙara masa girma, ya ci gaba da zama a bayan tebur yana auna wanda ya isa a yi wa bayani da wanda bai isa ba.

Da shekara ta zagayo, kwaleji ta ba Shu'ibu ɗaki, mai taga kamar wanda Yakaka ta gani. Ya zo da murna zai kwashe kayansa, Gwadabe ya tare ƙofa da cikinsa. Ya ce ba Bature ya ba shi yaro ba, saboda haka ba Bature zai karɓa ba. Shu'ibu ya yi roƙo, ya yi fushi, a banza. Aka ba falke saƙo zuwa Guri, aka zauna jira. Amsar Yakaka ta dawo gajeriya: "Gado nasu ne, ya je ya kwanta. Yaro kuwa naka ne, Fatoma, sai ran da ka dawo mini da shi." Haka aka yi. Shu'ibu ya koma cikin makaranta, amma kowace Jumma'a sai ya zo zango ya nuna kansa, Gwadabe ya duba idonsa da harshensa kamar mai sayen rago, ya cika masa ciki da tuwo. Ranar da bai zo ba saboda zazzaɓi, Gwadabe ya ɗauki sandarsa ya taka har kwalejin, ya hau bene yana haki, ya buga ƙofa.

Da Shu'ibu ya gama karatu, Gwadabe, wanda ya yi shekaru bai ga Arewa ba, ya hau jirgi tare da shi. Suka sauka a Malam Madori, suka ratsa fadama, suka iske Yakaka a bakin wutarta, ta ƙara gajarta, idanun sun kusa daina gani. Gwadabe ya kama hannun mai digiri kamar na yaron goye, ya sa a nata, ya ce ga amanarta nan. Ta shafa hannun tun daga yatsu har kafaɗa, ta tabbatar babu abin da ya ragu.

Ta ce, "Na karɓa."

Ta rasu bayan damina biyu, a ɗakinta na bakin fadama. Shu'ibu ne ya sa aka fasa masa taga tun ranar da ya dawo.